Aikin gonar Kawu ya zame mini ƙarfen ƙafa: yaya waya biyu za su kai saƙo su dawo da amsa?

Assalamu alaikum Injiniya. Ni matashi ne, shekara biyu ke nan da na gama difloma a fannin lantarki, ina 'yan gyare-gyaren sola da inbata. Kawuna, wan mahaifiyata, yana da gona mai rijiyar burtsatse da famfon sola, tsakanin rijiyar da gidan gonar mita 300. Ya ba ni aikin haɗa masa na'urar da zai riƙa ganin yawan ruwan tanki daga gida, ya kuma kunna famfo ko ya kashe ba sai ya aiki yaro ba. Na karɓi kuɗi, na sa aka haƙa rami aka binne kebul mai waya biyu tufkakku, an rubuta 24 AWG a jikinsa. Na sa Arduino, 'yar kwamfutar nan ta sarrafa na'urori, da ɗan allo mai aisi (IC) na kai saƙo, MAX485, a kowane ɓangare, kowanne yana turo saƙonsa duk sa'ad da ya samu abin faɗa. A kan tebur lafiya lau. A gona kuwa sai tarkacen haruffa, in famfo ya tashi sai shiru, kuma daren da aka yi ruwan farko da tsawa aisi biyun suka ƙone. Abokina ya ce dole sai waya huɗu, biyu na zuwa biyu na dawowa, ni kuma ba ni da kuɗin sabon kebul da sabon haƙa. Na ga wani zane da ake amfani da aisin ƙara sigina don ɓangare biyu su yi magana lokaci guda a kan waya biyu. Shin in gina shi? Sati uku ke nan ba na ɗaga wayar Kawu, har ya kai maganar wajen Umma. Don Allah a ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, kada ka taɓa ramin nan. In dai ruwa bai shiga kebul ɗin ba, ya ishe ka har da ƙari. Abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, don akwai tsari mai waya huɗu, shi ne RS-422. Amma cewa dole sai shi, wannan kam ba haka ba ne. Aisin da ke hannunka na RS-485 ne, ƙa'idar da ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka, EIA, ta fitar a 1983, kuma don irin aikinka aka yi ta: waya biyu, saƙo ya je ya dawo, na'urori har 32 a kan layi ɗaya, nisa har wajen mita 1200 in ba a matsa wa gudu ba. Kai na'ura biyu gare ka, a rubu'in wannan nisa. Ba kebul ne ya gaza ba. Abubuwa uku ne tebur ya ɓoye maka, gona ta tona su: wa zai yi magana yaushe, me waya take faɗa sa'ad da kowa ya yi shiru, da kuma ƙasar da kowace na'ura take tsaye a kai.

Bari in fara da zanen da ka gani, tunda shi ne ya fi ɗaukar hankalinka. Abin gaskiya ne, ba almara ba. Tsohuwar wayar tarho ta gida waya biyu ce kacal, amma kana magana kana jin na can. Dabarar ita ce, abin da ke kan layi haɗin muryarka ne da ta abokin maganarka, kai kuma ka san taka, sai da'irarka ta debe taka, abin da ya rage nasa ne. A takarda abin gwanin sha'awa: ka sa resista daidai da nauyin layi a bakin mai turawa, rabin siginarka ya bayyana a kan waya, ka debe wannan rabin, shi ke nan. Matsalar tana cikin kalmar "daidai". Nauyin da tufkakkiyar waya take nuna wa sigina ba adadi ɗaya ba ne. A sigina mai sauri sosai yana zama kusa da om 100 zuwa 120, amma a sigina mai jinkiri irin taka yana hawa zuwa ɗaruruwa, yana kuma sauyawa da saurin siginar. Duk ɗan kuskuren da aka samu, ragowar muryarka ce za ta zauna a kan muryar na nesa wadda ta riga ta raunana a hanya. Masu yin wannan da gaske ba da resista uku da aisin ƙara sigina irin LM358 suke yi ba. Kebul ɗin intanet mai gudun gigabit, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1999, kowace tagwayen waya a cikinsa tana kai da kawowa lokaci guda, kuma a 2019 an fitar da 10BASE-T1L mai kai megabit 10 har mita 1000 a kan tagwaye ɗaya. Amma a cikin aisin nasu akwai sashe guda mai lissafi wanda ba ya aikin komai sai koyon amsa-kuwwar layi yana share ta. In ka samu osiloskof da lokaci, ka gina wancan zanen a ɗakinka, za ka koyi abu mai yawa, ni ma ina son ka yi. Amma ba a gonar Kawu ba, kuma ba da kuɗinsa ba.

Tambayi kanka ma, me za su faɗa wa juna da har sai sun yi lokaci guda? Yawan ruwa, halin famfo, ƙarfin batir, wutar da motar famfo take ja. Adadi huɗu. A tsarin Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fito da shi a 1979 kuma har yau shi ne yaren yawancin inbata da mitocin wuta, tambayar bait 8 ce, wato haruffa 8, amsar adadi huɗu bait 13. A gudun bit 9600 a daƙiƙa, kowane bait yana cin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa da 'yan kai. Tambaya da amsa da ɗan shirun da ke tsakani ba su kai kashi 40 cikin dubu na daƙiƙa ba. Tankin Kawu kuwa sai ya yi sa'o'i kafin ya cika. In ka tambaya sau ɗaya a daƙiƙa, layin ya fi zama a banza a kan aiki, kuma mutumin da ke kallon allo ba zai taɓa sanin cewa bi da bi ake yi ba.

To, oba-oba za ka gina, ba tarho ba. Na'urar gida ita ce uban gida, ta rijiya yaronta. Yaro ba ya buɗe baki sai an tambaye shi, ko da kuwa tanki na ambaliya. Uban gida ya tura tambaya, ya saki layi, ya jira amsa na ɗan lokaci, in ba ta zo ba ya sake tambaya. Yadda ka tsara shi, kowa ya turo duk sa'ad da ya ga dama, a kan tebur ka tsira ne don gwajin minti biyar ba ya kawo karo da yawa. A gona da ake yini ana aiki, dole wata rana bakunan biyu su buɗe tare, ɗaya yana tura wayar A (wayoyin biyu A da B ake kiransu) sama ɗaya yana janyo ta ƙasa. Saƙon duka biyu ya lalace, aisin kuma ya ɗau zafi. Kada ka ƙirƙiri naka yaren. Ka ɗauki Modbus RTU, akwai shi a shirye ga Arduino, yana da adireshi, yana da lambar tantancewa ta bait biyu a ƙarshen kowane saƙo wadda ke kama saƙon da ya gurɓace, kuma yana raba saƙo da saƙo da shirun haruffa uku da rabi, wato kamar kashi 4 cikin dubu na daƙiƙa a gudun 9600. Wata riba kuma, in gobe Kawu ya ce yana son ganin abin da inbatar famfon take yi, mai yiwuwa a kan layin nan guda za ka ɗora ta.

Nan akwai wani ɗan rami da kusan kowa ke faɗawa. MAX485 ƙafa takwas gare shi. Ƙafa ta 2 ita ke buɗe kunne, ta 3 ita ke buɗe baki, akan haɗa su wuri ɗaya a kai su ƙafa ɗaya ta Arduino: sama magana, ƙasa saurare. Sai mutum ya rubuta a manhaja: ɗaga ƙafa, tura saƙo, sauke ƙafa. Amma umarnin turawa a Arduino ba ya jiran saƙo ya fita, zuba shi kawai yake yi a ma'ajiya mai cin bait 64 ya wuce. Sai ka rufe bakin aisin alhali ko harafin farko bai gama fita ba. Maganinsa layi ɗaya ne: ka kira Serial.flush() kafin ka sauke ƙafar, shi ne yake tsayawa har bit na ƙarshe ya bar ƙafa. Kada kuma ka yi maganin wannan da ƙara dogon jinkiri na ƙiyasi, don in uban gida ya makara wajen sakin layi, amsar yaro za ta same shi yana riƙe da shi. Sannan ka duba halin ƙafar nan a lokacin da Arduino yake tashi daga kashewa. A kan da yawa daga cikin 'yan allunan nan masu araha akwai resista mai jan ta sama, wato kafin manhaja ta farka aisin ya riga ya buɗe baki ya kama layi. Ka auna naka. In haka yake, cire resistar, ka sa ta om 10,000 daga ƙafar zuwa GND, wato wayar sifilin wutar na'ura, domin na'urar da ba ta san inda take ba ta kasance mai saurare.

Yanzu maganar shiru, wadda nake zaton ita ce uwar tarkacen haruffan nan. Mai karɓa a RS-485 ba ya duba ƙarfin wutar kowace waya, bambancin da ke tsakaninsu yake dubawa. In A ta fi B da milibolt 200 ko fiye, ya ce ɗaya. In B ta fi A da haka, ya ce sifili. Abin da ke tsakanin waɗannan biyu ƙa'ida ba ta yi alkawarin komai a kansa ba. To idan duka biyu suka saki layi, wa yake riƙe da shi? Babu. Resistar da ake sawa tsakanin wayoyin biyu a ƙarshen layi ta jawo A da B su zama kusan ɗaya, bambanci ya koma sifili, tsakiyar wurin da ba a yi alkawari ba. A kan tebur da waya taku biyu, babu abin da zai girgiza shi. A waya mai mita 300, 'yar ƙaramar hayaniya ta isa ta sa mai karɓa ya ga kamar an fara harafi, sai Arduino ya tattara iska ya miƙo maka. Mafi muni, harafin ƙarya yakan manne a gaban saƙon gaskiya ya ɓata shi.

Gyaransa resista biyu ne, a ɓangare ɗaya kawai, na gida: ɗaya daga A zuwa bolt 5, ɗaya daga B zuwa GND. 'Yan allunan suna zuwa da irinsu, amma yawanci na om 20,000 ne, waɗanda da alluna biyu a layi ba sa ba da ko milibolt 20. Ga lissafin naka. Wayar jan ƙarfe mai lamba 24 tana da kusan om 84 a kilomita, don haka zuwa da dawowa a mita 300 kusan om 50 ne. Da resistar om 120 a kowane ƙarshe, daga gida za ka ga 120 a gefe guda da 170 a ɗaya gefen, haɗinsu kusan om 70. In ka sa om 470 sama da 470 ƙasa, bolt 5 zai rabu ya bar kusan milibolt 350 tsakanin A da B a gida, waya ta ci nata, kusan 245 ya isa rijiya. Ya haura 200 a duka wuraren. Za ka ga wasu suna cewa a sa 680, kuma a gajeren layi ya yi, amma a naka na rijiya zai faɗo ƙasa da 200. Ƙa'idar Modbus ta ba da tsakanin 450 zuwa 650, don haka 470 tana ciki. Kada ka yarda da lissafina kawai: kunna duka biyu, hana su magana, ɗora mita tsakanin A da B a can rijiya ka gani da idonka.

Resistar om 120 ta ƙarshen layi ba zan daɗe a kanta ba. Ɗaya a gida, ɗaya a rijiya, kuma mai yiwuwa suna kan allunanka tuni. Sigina tana ratsa mita 300 cikin kusan kashi ɗaya da rabi cikin miliyan na daƙiƙa, bit ɗaya a gudun 9600 kuwa kashi 104 ne, don haka amsa-kuwwa ta mutu tun kafin a karanta bit. Ba ita ce ta kayar da kai ba. Abin da zan ce dai, MAX485 an yi shi ne ya kai megabit biyu da rabi, gefen siginarsa kaifi gare shi fiye da bukatarka. MAX483 da MAX487 ƙafafunsu iri ɗaya ne da shi, an dai rage musu kaifi, iyakarsu kilobit 250, kuma sun fi zama lafiya a doguwar waya. In ka haɗa komai daidai ya ƙi, juya A da B ka gwada, don kamfanoni ba su taɓa daidaitawa a kan wace ce wace ba, kuma juyawar ba ta ƙona komai.

Abu na uku shi ne mai tsada, shi ne kuma dalilin da famfo yana tashi layi yake mutuwa. Ka ɗauka mutum biyu ne a tsaye cikin kwalekwale, dogo da gajere, kai kana gaɓa kana leƙensu ta taga. Igiyar ruwa ta ɗaga su tare, ta sauke su tare, har yanzu ka san wanda ya fi tsawo. Wannan shi ne sirrin sigina ta bambanci, kuma shi ya sa ake tufka wayoyin, domin duk hayaniyar da ta taɓa ɗaya ta taɓa 'yar'uwarta daidai wa daida. Tun 1881 Alexander Graham Bell ya yi wa wannan dabara rajista. Amma taga tana da iyaka. In igiyar ta ɗaga kwalekwalen ya wuce saman tagar, ba ka ganin dogo ba ka ganin gajere. Tagar RS-485 daga bolt 7 ƙasa da sifili ce zuwa bolt 12 sama da shi, kuma da GND na mai karɓa ake aunawa, wato ƙasar da shi yake tsaye a kai. Kai kuwa GND biyu gare ka, tsakaninsu mita 300, babu abin da ya haɗa su. A kan tebur, kusan tabbas daga kwamfuta ɗaya ko caja ɗaya ka ba su wuta, sai ya zama ƙasarsu ɗaya ba tare da ka lura ba.

Ka san ɗan jan nan da jikin laftof yake yi wa mutum in yana caji? Irin waɗannan cajoji akwai ɗan kafasita a cikinsu da ke barin ɓangaren fitarwa ya yi lilo har wajen rabin wutar gida, ko da yake ba shi da ƙarfi. Haɗa wannan da inbatar famfo, wadda take yanka ɗaruruwan bolt sau dubbai a daƙiƙa tana watsa hayaniya ta kebul ɗin mota da ƙarfen rijiya da sandar at da ake kafawa a cikin ƙasa. Da ta tashi, GND na ɗakin rijiya ya shiga rawa, wayoyinka biyu su fice daga taga. Na taɓa yin wata guda ina canza aisi a wani gidan kaji, duk mako sai ɗaya ya mutu, ina zargin jabu ne aka sayar mini. Ranar da na ɗora mita tsakanin wayar layi da GND na ɓangaren ofis janareto yana aiki, na ga abin da ya fi ƙarfin tagar nesa ba kusa ba. Kai ma ka yi wannan awon: cire layin daga allon gida, bar na rijiya a haɗe, auna wuta mai juyawa tsakanin A da GND na gida, famfo a kashe, sannan famfo a kunne. Mita ba ta kama hayaniya mai sauri sosai, don haka abin da ta nuna maka ƙasa yake da gaskiya.

Shi ya sa masu aikin nan suke cewa RS-485 waya biyu ce a baki, uku a aiki. Ta ukun ita ke haɗa GND da GND, sau da yawa ta cikin resistar om 100. Feɗe bakin kebul ɗinka ka duba ko akwai siririyar waya tsirara kwance a jikin takardar azurfa. In akwai, rigar kariya ce, ka haɗa ta da at a ɓangare ɗaya kawai, kada ka haɗa duka biyu ka mai da ita hanyar wuta tsakanin gine-gine biyu. Amma ko akwai ko babu, shawarata ɗaya ce: ka raba wutar layi da wutar na'ura. Akwai alluna na RS-485 da aka keɓe ɓangaren layinsu gaba ɗaya, sigina tana tsallakawa ta haske ko ta maganaɗiso, wutar ɓangaren layin kuma daga ɗan taransifoma nasa. ADM2587E misali ne, aisi ɗaya ne da ya haɗa duka, yana jure bolt 2500 tsakanin ɓangarorinsa. Wasu allunan kuma ofto, mai tsallakar da sigina ta haske, suke amfani da shi tare da ɗan kwalin B0505S mai ba ɓangaren layi wutarsa. Da wannan, ɓangaren layi ya zama yana cikin kwalekwalen tare da wayoyin, duk inda ruwa ya kai su tare za su je. Ka sa a duka ɓangarorin biyu. Ka kula da abu ɗaya: resistocin 470 ɗin nan daga wuta da GND na ɓangaren layi za su fito. In ka haɗa GND na layi da na Arduino ko da waya ɗaya ce, ka zubar da kuɗin keɓewar. A ɗakin rijiya kuma ka bi kebul ɗin da ido, in an ɗaure shi a jikin kebul ɗin mota ka raba su, inda dole su haɗu su gitta juna kada su jera.

Tsawa kuwa ba sai ta faɗo a kan gonar ba. In ta sauka a nesa kaɗan, ƙasar wuri ɗaya takan ɗaga fiye da ta wani na ɗan ƙiftawa, doguwar wayarka ta zama gada. A bakin shigar kebul kowane ɗaki ka sa diyod mai shanye tartsatsi, SM712 an yi shi ne daidai da tagar nan ta 7 da 12, da resistar om 10 a kan kowace waya tsakaninsa da aisin. In ka samu akwatin kariya na layin RS-485 mai bututun gas a ciki, sa shi a gaba da gajeriyar waya mai kauri zuwa sandar at. Wannan zai tare mafi yawa. Aradun da ta sauka kai tsaye babu abin da zai tare ta, don haka ka sa allon layin ya zama mai cirewa da hannu, ka ajiye guda biyu a gidan gona, ka koya wa mai gadi yadda ake canzawa.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ya fi damuna. Kada kashe famfo ya dogara da wannan layi. Makunnin da ke kashe shi in tanki ya cika, da kariyar da ke hana shi juyawa in ruwa ya ja baya a rijiya, su zauna can a ɗakin rijiya, su yi aikinsu ko da an sare kebul da fartanya. Na'urar rijiya kuma in ta yi minti ɗaya ba ta ji uban gida ba, ta koma halin da kuka yarda da Kawu cewa shi ne mai aminci. Allon gida ya rubuta ƙarara cewa layi ya yanke, kada ya ci gaba da nuna tsohon adadi. Famfon da ya ƙone a ƙasan rijiya ya ninka duk kuɗin aikinka.

In wata rana ka samu aikin da dole kowace na'ura ta iya yin magana ba tare da an tambaye ta ba, ka nemi CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986 don motoci. Shi ma waya biyu ne, amma an tsara shi yadda in biyu suka fara tare, mai saƙo mafi muhimmanci zai wuce, ɗayan ya ja baya ba tare da komai ya lalace ba. Yana kai mita 500 a gudun kilobit 125. Ka ajiye shi a ranka, ba na wannan gonar ba ne.

Saura Kawu. Ƙanena, sati ukun nan sun fi aisi biyun da suka ƙone yi maka ɓarna. Dattijon da ya yi noma ya san ana shuka ta ƙi fita. Abin da yake ci masa rai shi ne ɗan ƙanwarsa ya ga kiransa ya ƙi ɗagawa, har sai da ya kai ƙara wajen mahaifiyarka, ita kuma ka sa ta tsakanin wanta da ɗanta. Na san kunya ce ta hana ka, ba raini ba, amma shi daga inda yake zaune ba ya iya bambance su. Kada ka kira shi a waya, kada kuma ka jira sai ka gyara sannan ka bayyana. Ka fara da Umma, ka gaya mata abin da ya faru da abin da za ka yi, ka nemi ta yafe maka nauyin da ka ɗora mata. Sannan ka taka da ƙafarka ka same shi, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce: Kawu, na yi kuskure biyu, ɗaya a aiki ɗaya a guje maka, na biyun ya fi girma. Ka gaya masa kebul ɗin bai tashi a banza ba, ba za a sake haƙa ba. Ka rubuta masa kayan da za a ƙara da kuɗinsu a takarda. A ganina kuɗin aisin da suka ƙone da na zirga-zirgarka kai ya kamata ka ɗauka, tunda rashin sani naka ne. Allunan keɓewa da kayan kariyar tsawa kuwa kaya ne da tun farko ya kamata su shiga lissafi, ka nuna masa haka, ka bar shi ya yanke. In ya yi faɗa ka sunkuyar da kai ka ji, yana da haƙƙi. Kada ka yi masa alkawarin rana sai ka gwada kebul.

Gwajin kuwa rabin sa'a ne da mita. Cire duka ƙarshen biyu, auna tsakanin A da B, sannan tsakanin kowace da sandar at, bai kamata mita ta ga hanya ba. In ta nuna wani adadi, ruwa ya shiga, kuma kusan kullum a wurin da aka yi haɗi aka naɗe da salatif ne, wurin nan kaɗai za ka tona ka gyara da haɗin da ruwa ba ya shiga. Sannan ka sa wani ya murɗe wayoyin biyu wuri ɗaya a rijiya, ka auna daga gida. Kusan om 50 shi ne jan ƙarfe lafiyayye. In ka ga 75 ko 80, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, zai yi aiki amma sai mun sake lissafin resistocin nan biyu. Ka rubuto mini adadin da ka samu, da abin da mita ta nuna tsakanin A da GND sa'ad da famfo yake aiki, da kuma yadda kuka yi da Kawu. Allah ya ba da sa'a, ka gaida Umma.